Gaishe ki Taba, mai riga dubu

Gaishe ki Taba, uwar ɗakin leɓe da huhu, baƙuwar da ke shiga ba sallama ta zauna ba ranar tafiya. Daga Mai Wurno zuwa Sinja, daga kambunan Jazira zuwa Damazin da Rusayris, babu kasuwar da ba ki da rumfa a cikinta. Yau ranar yabonki ce, don kin yi aikin da ya kamata a faɗa a bainar jama'a.

A fara yaba miki da haƙuri. Kakanninmu sun baro Burmi a 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, suka bar gonaki da dawaki da kaburburan iyaye. Da suka sauka a bakin kogi a Sudan sai suka tarar kin riga su shimfiɗa tabarma, kin ajiye sunan taba gari kin zama tumbak. Tun kafin zuwansu Mahadin Sudan ya haramta ki, ya sa bulala a kan mai taɓa ki. Daularsa ta faɗi a 1898, ke kuwa kina nan daram cikin leɓen jikokin waɗanda aka zane saboda ke.

Sai tattali. Ana noma ki a Darfur, a kewayen Fashir, a shanya ki, a rufe ki ki ruɓa, a niƙa, a kwaɓa ki da atrun, kanwar da muka sani. Kanwar nan ce ke buɗe miki ƙofa, nikotin ya ratsa fatar baki ya shiga jini cikin 'yan mintoci. Ba kya neman ashana, ba kya tayar da hayaƙin da zai dami maƙwabci. Manomi na tsaye cikin hawasha, gonarsa, yana juya ruwa daga tura'a, saffa, ɗan curin tumbak, na kwance a leɓensa na ƙasa, hannuwansa biyu na aiki. Wane abokin aiki ne ya kai ki sauƙin kai? Ga ki da kyauta kuma: wanda ya riƙe ki shekaru sai ki ba shi farin tabo a daidai inda kike kwanciya, tabon ya zama gyambo, gyambon ya ƙi jin magani. Masu bincike sun auna ki tun shekarun 1990, suka samu sinadaran da ke jawo ciwon daji a cikinki sun ninka na tabar leɓe ta Suwidin ninkin ba ninkin. Ko a nan ba ki yarda an wuce ki ba. Likitocin cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani sun san sa hannunki tun kafin majiyyaci ya gama buɗe baki.

Ni ma na san shi. Kawuna ya yi noman auduga da dawa shekara talatin da ƙullin saffa a aljihun gaba. Ranar da na ga ya daina cin tuwo mai yaji na ce, "Kawu, bari in ga bakin nan." Ya kawar da kai ya ce, "Zafi ne kawai, ɗana, zai wuce." Bai wuce ba. An sayar da akuyoyi, an sayar da buhunan dawar shekara, aka yanke masa rabin muƙamuƙi. Mutumin da muryarsa ke tsallaka gona uku ya koma yin magana da hannu.

A yaba miki da farin jini wajen manya. A 2011, shekarar da Sudan ta Kudu ta ɓalle da mafi yawan man fetur, kowa na ƙulle jakarsa, sai ga kamfanin Japan Tobacco ya zube dala miliyan 450 ya sayi masana'antar Haggar mai yin sigarin Bringi. A 2013 kamfanin nan ya haɗa da Nakhla ta Masar, mai yin mu'assal ɗin shisha. Wace rijiya, wace makaranta, wane asibitin haihuwa ya taɓa jawo mana irin wannan kuɗi daga bangon duniya? Sudan ta shiga yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kuma yi dokarta a shekarar. Kin karɓi dokar da hannun hagu, kin miƙa wa baitulmali haraji da hannun dama, kowa ya koma gida da murna. Wanda ke cin abincin gidanki ba ya ɗaga miki murya.

Amma gwanintarki ta gaske tana wajen sauya riga. Da tumbak ta zama abin tsofaffi, mai ɓata haƙori da tofar da yawu, sai kika shafa zuma da ƙamshin tuffa kika koma shisha, kina ɓulɓula cikin kwalba a gefen mai shayi. Da aka fara korar shisha daga wuraren zama, sai kika narke kika zama ruwa. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, wanda ciwon dajin huhu ya kashe mahaifinsa, shi ya ƙera sigarin lantarki a 2003 don ya raba mutane da ke. Kika shige cikin na'urar tasa kika zauna. Ɗan batir ne da zaren ƙarfe mai zafi, da ruwa mai kauri na gilisarin da wani sinadari ɗan'uwansa, da nikotin, da ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga ɗanɗano aƙalla 16,000. Mangwaro, kankana, na'a-na'a mai sanyi, lemo, alewa. Yaron da bai da zaɓi tsakanin makaranta biyu, ko tsakanin miya biyu, kin ba shi zaɓi dubu goma sha shida. Wa ya taɓa girmama ɗan talaka haka?

Kina da shaidu ma, ba za a ɓoye ba. Likitocin Ingila sun ce wanda ya riga ya kamu da sigari, in ya koma ga na lantarki gaba ɗaya, cutarwar ta ragu. Kin ɗauki wannan shaida da aka yi domin dattijo mai tari, kin liƙa ta a goshin ɗan shekara goma sha huɗu wanda bai taɓa riƙe kara ba.

Ga ladabi wajen bin doka. Ƙasar Sin ta hana sayar da masu ɗanɗanon 'ya'yan itace a cikin gidanta tun Oktoban 2022, masana'antun Shenzhen kuwa ba su daina cika jiragen ruwa da su domin 'ya'yan wasu ba. Indiya ta haramta sigarin lantarki a 2019. Habasha, wadda muke shan ruwan da ya gangaro daga duwatsunta, ta haramta a shekarar. Ingila ta hana na zuƙa-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025, ta kuma yanka harajin fam 2.20 a kan kowane mililita 10 na ruwan daga Oktoban 2026. Ba ki yi musu da kowa ba. An rufe miki ƙofa a can, kin naɗe kayanki kin nemi inda bango ya tsage. Namu bangon kuwa ya tsage tun Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke. Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, ba a karɓo ta ba sai Janairun 2025. Insulin ya yi wuya, man fetur ya yi wuya, makarantu sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Ke ko kin yi tsada, ba a rasa ki ba.

Kwanan baya na zauna shan jabana, gahawarmu, a bakin kasuwa. A kan teburin mai cajin waya, cikin wayoyin da ke shan wutar sola, ga wani ɗan abu ruwan ɗorawa kamar alƙalami. Wani matashi da ya dawo daga Masar ya zo ya ɗauka, ya zuƙa, ƙamshin mangwaro ya game wurin. Mai shayin, dattijuwa, ta ce, "Ɗan nan, mene ne wannan?" Ya ce, "Turare ne kawai, Inna, ba taba ba ce." Ƙannensa biyu na tsaye, idonsu na kan hannunsa. Kwalin babu sunan wanda ya shigo da shi, babu wanda ya auna abin da ke ciki. Madalla da ke, Taba. Kawuna yana ɓoye ki a aljihu don kunyar yara, yau kin sa ana nuna ki a gaban uwa.

Yabo ya ƙare a nan, saura magana da 'yan'uwa. Taba ta bambanta da garin gero ko da an zuba mata zuma. Limamanmu su ambaci ruwan nan da sunansa a huɗuba, don yawancin iyaye ba su san shi ba. Sarakuna da masu unguwanni su hana sayar wa yara, ko saffa ce ko shisha ko na lantarki. Hukuma, in ta zo gyara abin da yaƙi ya rushe, ta hana ɗanɗanon alewa, ta ɗora haraji mai nauyi, kuɗin kuma ya tafi ga asibitocin da ke karɓar waɗanda Taba ta gama da su. Duk mai saffa da ya ga farin tabo ko gyambo a bakinsa ya kai mako biyu bai warke ba, ya je likita ya duba, kada ya jira girbi.

Zuwana na ƙarshe wajen Kawu, jikansa ya shigo yana wasa da wata tsohuwar ledar saffa da ya tsinta a ƙofar gida. Kawu ya miƙa hannu ya karɓe ta, ya nuna ledar, ya nuna fuskarsa, ya girgiza wa yaron kai.