Ranar Da Surukina Ya Tura Mini Mota

Alhaji surukina ya taso daga Zariya ya kwana gidana a Tungan Maje, domin shi ne waliyyin amarya a wani ɗaurin aure a Suleja. Aikina ɗaya ne rak, in kai shi. Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar 1995, mai injekta, kuma duk damina ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai ga hunturu ya sauka a daren, da irin hazon nan da ke haɗiye Dutsen Zuma ɗungurungum. Da asuba Alhaji ya shiga gaba cikin farar shadda mai maiƙo, sai ƙamshi yake. Na murza makulli. Inji ya yi ta juyi, ya ƙi kamawa.

Na kasa kunne, famfon mai ya yi ɗan gurnaninsa daga wajen tanki, wato mai na zuwa. Na kunna fitila, haske tar, batir na nan da ransa. Abin da ya karaɗe wurin kawai warin ɗanyen fetur ne.

Kafin ka ce kwabo masu dawowa daga masallaci sun kewaye mu. A cikinsu har da wani dattijon unguwarmu da ya ja Fijo 504 tsakanin Kaduna da Lakwaja tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a 1991. Ya ture kowa, ya leƙa cikin bonet.

"Yaro, ɗora tafin hannunka ka toshe bakin kafireta, ni kuma in yi mata ki."

"Baba, ai ba ta da kafireta."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi jama'a. "Kun ji ko? Ba ta da kafireta, kuma yana mamakin ta ƙi tashi. Wa ya kwance maka ita?"

Na ce haka aka ƙero ta, ƙwaƙwalwa gare ta mai auna mata mai. Ya ce shi a shekarunsa na tuƙi ƙwaƙwalwa a kan direba take. Ya sa aka karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ya zagaya inji da buta yana neman inda zai zuba, da bai samu ba ya wanke hannunsa da shi.

Aka yanke shawarar turi. Samari suka dafa, na saka giya ta biyu. Alhaji ya ce bari ya sauka a rage nauyi. Na ce, "Baba, don Allah ku yi zamanku." Ina, ya riga ya fita. Ina duba madubi sai na hango shi yana naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya dafa but, daidai saitin salansa. Mutumin da ko gaisuwa sai na durƙusa nake yi masa, ga shi yana "Bismillahi, ku tura!" a bayan motata.

Na saki kuloci. Ta yi tari, ta shaƙe, sannan tau! Duk fetur ɗin da ya taru tun asuba ya kama lokaci guda, salansa ta feso baƙin hayaƙi da kunkunniya.

Allah Ya sani, na ga komai a madubi, kuma har yanzu ina gani. Na ga hayaƙin ya rufe shi. Na ga ya fito daga ciki hannuwansa a miƙe, suna dafe da motar da ta riga ta bar wurin. Daga ƙirji zuwa gwiwa shaddar ta koma kamar gindin tukunya, aikin wuyan ne kaɗai ya tsira. Bai yi faɗa ba, bai ma yi tari ba. Ya sunkuyar da kai ya dubi rigar, ya ɗago ya dubi motar, kuma na rantse ta cikin madubin nan idonsa ya faɗa cikin nawa.

A nan ne dattijon ya ƙwalla, "Kada ka tsaya! In ka ɗaga ƙafa za ta mutu!" Ni kuwa na danne totur. Na hau titin Gwagwalada ina gurnani tsakanin tireloli, surukina yana ƙanƙancewa a madubi, yana tsaye cikin hayaƙi, ni ina tafiya inda ba a aike ni ba. Ko da na zagayo, an ce ya ari rigar maƙwabcina wadda ta tsaya masa a ƙwauri, ya hau ɗan acaɓa zuwa tashar Zuba.

Da rana rewaya ya zo ya jona na'urarsa, ya tuntsire da dariya. Wata 'yar sansa ce mai auna zafin ruwan inji, bakin wayarta ya yi tsatsa, da sanyin asuba ya taɓa ta sai ta saki. Ƙwaƙwalwar motar ta karanta digiri 40 ƙasa da sifiri. Dama inji mai sanyi yana son ƙarin mai kafin ya tashi, ita kuwa da ta zaci a Rasha muke, sai ta yi ta ɗura fetur har filogi suka jiƙe, wuta ta kasa kamawa. Ya kankare wayar, ya sa sabuwar sansa daga kasuwar kayan gyara ta Zuba, ya busar da filogi. Murzawa ɗaya ta tashi.

Dattijon na tsaye a kanmu tun farko, hannu a baya. Ya gyaɗa kai ya ce wa rewaya, "Madalla. To yanzu saura ka nemo masa kafiretarsa."