Umarni daga nesa, da hanyar Damana

Garken sabar shi ne kwamfutoci da yawa masu aiki da Unix ko ɗan'uwansa Linux, da aka haɗa su kan aiki ɗaya. Unix ya fito ne a 1969 daga hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie a Bell Labs ta Amurka, kuma kiwon irin wannan garke ya rataya a kan saiti, da rajista, da umarni daga nesa.

Saiti yana zaune a jakar /etc, cikin fayiloli na rubutu zalla. Inji ɗaya ana gyara shi da hannu. Idan suka yi yawa sai a ɗauko Puppet na 2005, ko Ansible wanda Michael DeHaan ya fitar a 2012, a rubuta abin da ake so sau ɗaya a tura wa kowa. Gyara yana isa ko'ina cikin ƙiftawar ido. Ɓarna ma haka.

Rajista kuwa aikin syslog ne, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980. Kowane inji yana rubuta abin da ya same shi a /var/log, ya aika kwafi zuwa inji guda mai tarawa. Sharaɗinta agogo ya zama ɗaya, shi ya sa ake amfani da NTP. Ƙaramin injin da ba shi da batirin agogo, in wuta ta ɗauke ta dawo babu intanet, yakan farka yana rantsuwa yau 1 ga Janairun 1970 ce, ranar da Unix ke fara ƙirga lokaci.

Umarni daga nesa yana bi ta SSH, wanda Tatu Ylönen ya rubuta a Finland a 1995, ta ƙofa mai lamba 22. Duk wanda ya tura dokar katangar tsaro da ta toshe wannan ƙofa ya kulle kansa a waje, da makullin a ciki. Misalinsa ya faɗo ne a kan mai wannan rubutu.

Maigidana a wata ƙungiya a Yamai ya tura irin wannan doka ga dukkan injinanmu. Na ofis muka buɗe su da hannu. Saura ɗaya, yana Damana, babban garin Tondikandiya, can cikin Dallol Bosso ta hanyar Filinge. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai ne yaro." Na hau mota na wuce Baleyara, na ƙarasa a kan kabu-kabu, ƙura har cikin kunne.

Allon bugawa da na tarar na Faransa ne, AZERTY, injin kuma an saita shi kan na Amurka, QWERTY. A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ta yi ƙaura. Kalmar sirrinmu "maza-maza" ce, wadda kamar don wannan tarko aka zaɓe ta: ina buga ta, injin yana karɓar ";qwq6;qwq". Unix ba ya nuna kalmar sirri yayin bugawa, ko ɗigo. Na buga a hankali, na buga da bisimilla, har dattijon da ke gadi ya tambaya, "Ɗana, ko dai kwamfutar ba ta san ka ba ne?"

Da na samu shiga wajen la'asar, rajista ta nuna an haifi injin sau da dama, kullum a 1970. Na ce, "Baba, me ke samun ta da dare?" Ya ce babu komai, soket ɗinta kawai yake ara ya yi wa jama'ar unguwa cajin waya, da asuba ya mayar mata da abinta.

Masu sana'ar suna kauce wa irin wannan tafiya ta hanyar gwada sabon saiti a kan inji ɗaya tukuna, kuma kafin su taɓa katanga sukan sa umarnin "at" ya maido da tsohuwar doka bayan minti biyar, sai in sun soke shi. A takardar saitin injin Damana an ƙara layi biyu: irin allon da ke wurin, da lokacin da Baba ke cajin waya.