Farfesun Baban Ummi

Duk wanda ya auri 'yar Haɗejiya ya auri kifi, ko ya sani ko bai sani ba. Waliyyi ba ya ambata wannan ranar ɗaurin aure, amma daga ranar ka fita daga sahun mutanen da ke da ikon yabon kifin kasuwa. In ka sayo karfasa a kasuwar Galadima, a juya ta sama da ƙasa a ce ƙanƙara ta shanye mata daɗi. In ka sayo tarwaɗar gidan gona, a ce maka wannan ai kaza ce aka jefa a ruwa. Haka nake zaune da Maman Ummi, ina saye tana kushewa, kuma duk muna ci.

A watan Afrilu ƙanwarta ta haihu, muka kwashi yara muka tafi suna. Bayan an watse na je gaida Kawu, ƙanin surukata, tsohon masunci wanda bai yarda akwai wata sana'a ba in ba su ba. Na same shi yana ɗinkin birgi, ga koma jingine da bango, ga gorar da yake hawa ruwa da ita an kife ta a inuwa. Gaisuwar Kawu ba ta ƙarewa sai ta bi ta kan madatsun ruwa. A wurinsa, tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, kogin Haɗejiya ya daina bin umarnin damina ya koma bin umarnin masu buɗe ƙofa. Ambaliyar da kifi ke bi ya shiga fadama ya yi ƙwai ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma a cewarsa kifin yanzu duk jikoki ne. Ni dai mutumin Kano ne, dam ɗin nan a jiharmu suke, don haka na sunkuyar da kai na karɓi laifin a madadin gwamnati.

Amma bazara lokacin masunta ne. Ruwa ya ja baya, tafkuna sun tsuke, kifi ya taru wuri ɗaya ba shi da mafita. Da na tashi tafiya Kawu ya sa aka kawo bokitin fenti, ya buɗe. Tarwaɗa uku, baƙaƙe wuluk, kowacce ta kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa, suna motsa gashin baki.

"Ga jikokin," in ji shi. "Da ransu za ka kai su Kano. Ruwa kaɗan ya ishe su. Amma ɗana, ka ɗora dutse a kan murfin."

Na ce to, Kawu, Allah ya ƙara girma. Na dubi but ɗin motata da na sa aka wanke shekaranjiya, na dubi dutsen da ya nuna, na ɗaure murfin da igiya. Har gobe ina kan bakana cewa igiyar ce ba ta da ƙwari.

A cikin gida kuma Inna, surukata, ta sa an kaɗo mangwaron tsakar gida, buhu guda cur. Ba binta suga ba ne, ba fafaranda ba, irin na gargajiya ne ƙanana masu zare, wanda in ka sha ɗaya sai ka wuni kana sakace. Na buɗe baki zan ce ai gidanmu ba nisa da 'Yan Lemo, Maman Ummi ta taka mini ƙafa. Suruki ba ya mayar da kyauta, iyakarsa ya durƙusa ya yi godiya. Inna ta ja kunnen yara kada su sha da yawa tunda ruwan sama bai dake shi ba tukuna, aka cusa buhun kusa da bokitin, muka kama hanya bayan azahar, a motar da na'urar sanyinta ta daɗe da yin ritaya.

Mun wuce Gujungu kaɗan na fara jin dum, dum daga baya.

"Baba, ana ƙwanƙwasa mota," in ji Ummi.

Na ce salansa ce. Maman Ummi ta kalle ni ta gefen ido, ta mayar da kai taga.

Tsakanin Ringim da Gezawa muka iske shingen masu kaki. Na rage gudu, na yi sallama, na yi musu sannu da rana. Jami'in ya leƙo ya ga iyali, har ya ɗaga hannu alamar mu wuce, sai but ya ce DUM! Sau biyu, da ƙarfin da motar ta girgiza. Hannun da ya ɗaga ya sauko a hankali ya koma kan bindiga.

"Malam, faka. Wa ka ɗauko a baya?"

A zamanin nan wannan ba tambayar wasa ba ce. Ina haɗiyar yawu in yi bayani, Auta, wanda tun Haɗejiya bai ce uffan ba, ya miƙe tsaye a kan kujera.

"Su uku ne. A ɗaure suke. Baba ya ce in mun je gida za a yanka su."

Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a waje ba, hannu sama, hula a ƙasa. Sauran jami'an sun taso daga gindin bishiya, direbobin da ke bayanmu sun firfito kallo, Maman Ummi tana ta salati tana cewa "Wallahi kifi ne, ranka ya daɗe, kifi ne," wanda a kunnen mai bindiga bai yi kama da gaskiya ba. Aka ce in buɗe but da hannu ɗaya, in ja da baya.

Murfin bokiti yana gabas, bokiti yana yamma. Bakin buhu ya kwance, mangwaro ya watsu ko'ina, kuma a tsakiyarsa ga bayin Allah uku suna birgima, sun fasa na fasawa, sun shafe jikinsu da ruwan mangwaro har sun koma ruwan ɗorawa. Wani kifin da tuni ya mutu a wannan zafi. Tarwaɗa kuwa Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai, saman inda sauran kifaye ke shaƙar ruwa, wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye. Muddin fatarta na da danshi za ta yi sa'o'i a tudu, har ta ja jiki da ƙayoyin da ke gefen wuyanta ta nemi wani tafkin. Danshi kuwa mangwaron Inna ya ba su har da ƙari.

Ƙayoyin nan na gefen wuya, na san labarinsu a baki. A ranar na san su a tafin hannu, domin da na ga jami'ai sun fashe da dariya sai na so in nuna ni surukin masunta ne, na kai cafka. Ihun da na yi ya sa wata akuya a gefen titi ta tsinke da gudu. Wani daga cikin jami'an, da gani ɗan bakin kogi ne, ya matsar da ni, ya danne kan kowacce daga sama, yatsunsa a bayan ƙayoyin, ya mayar da biyu bokiti. Ta ukun ya riƙe ta yana juyawa.

"Wannan za ta tsaya a nan, akwai sauran bincike a kanta."

Shi ne kuma ya ɗauko dutse daga gefen hanya ya ɗora a kan murfin. Har muka shiga Kano Maman Ummi ba ta ce komai a kan dutsen ba, kuma na fi so da ta ce.

Mun iso bayan magariba, ba wuta, firji ya zama kabad. Ta juye kifin biyu a baho ta ce su kwana, gobe in ta taso daga makarantar da take koyarwa za ta yi farfesun ɗaya, ta banda ɗaya. Mangwaro kuwa ba ya jiran kowa. Nunanne yana fitar da wata iska da ke nunar da na kusa da shi, to ga zafin but, ga dukan tarwaɗa. Da gari ya waye rabin buhun ya yi laushi tuɓus, ƙudan unguwa duka sun zo gaisuwa.

Ni kuma ina gida, hannu a naɗe, ina latsa waya. Nan na ci karo da bidiyon wata dattijuwa 'yar Kerala, can kudancin Indiya, tana dafa kifi da mangwaro da kwakwa a tukunyar ƙasa. Na tashi zaune. Asalin mangwaro daga wancan yankin duniya yake, su suka fi kowa sanin halinsa. Mu da muka yi shekara da shekaru muna kallon fina-finansu, me zai hana mu ɗanɗana miyarsu? Ga kifi, ga mangwaro na neman lalacewa, ga maigida mai basira yana zaune. Gaskiya ne nata mangwaron ɗanye ne shar, kore, tsaminsa take nema, aikin da tsamiya ko yakuwa ke yi mana a miya. Amma ni a ganina ɗanye da nunanne uwa ɗaya uba ɗaya suke, bambancin shekaru ne kawai.

Ba zan tsaya dogon bayani kan yadda aka kashe kifin ba. Masu abin gishiri suke watsa mata su rufe, ko su ba ta taɓarya ɗaya a ka. Tawa ta zagaya tsakar gida, ta shiga ƙarƙashin mota, Ummi ta tare ta da tsintsiya a bakin kwata, maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya tambaya ko maciji ne. Na wanke yauƙin da ruwan zafi da lemon tsami yadda na ga ana yi, na yanka gunduwa-gunduwa.

A nan dole in yi wa kaina adalci, domin ƙa'idar farfesu na san ta. A jajjaga attarugu da albasa da tafarnuwa. A daka citta, kanumfari, masoro da ɗan kimba. A bar ruwan ya tafasa da kayan ƙamshi har su saki jiki, sannan a jera kifin a hankali, a rage wuta, minti goma sha biyar ya isa. Babbar doka kuma: ludayi ba ya shiga. In kana son juyawa, ka kama kunnuwan tukunya ka girgiza. Duk na kiyaye, kuma a daidai wannan lokaci ƙamshin da ke tashi daga kicin ɗina zai iya sa Kawu ya yafe mana dam ɗin Tiga.

Sai na matse mangwaro goma sha biyu a ciki.

Kwakwa babu, na zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Na ɗanɗana, zaƙi ya yi yawa, na ƙara attarugu. Yaji ya yi yawa, na ƙara mangwaro. Na ji abin ya rasa alƙibla, na jefa daddawa don ta tuna masa da gida. Ruwan ya yi kauri ya fara bul-bul yana tofo mini a fuska, sannan na ji ƙauri, domin sukarin mangwaro ya kwanta a gindin tukunya ya kama. Girgiza ba ta ɗaga shi ba. Ludayi ya shiga. Bayan ludayi muciya ta shiga. Da na tsaya, babu gunduwa ko ɗaya da za a nuna a ce wannan kifi ne. Naman ya narke, zaren mangwaro ya bi ƙayoyi ya nannaɗe su ɗaya bayan ɗaya, in ka ɗaga ludayi sai rabin tukunyar ya biyo shi.

Ina tsaye ina tunanin sunan da zan sa wa abin, na ji sallamar Hajiyata. Ashe Inna ta buga mata waya tun da safe ta ce ta aiko da kifin Haɗejiya, a tabbata an ɗiba mata. Maman Ummi ta shigo a bayanta da jakar makaranta, ta shaƙi iskar gidan, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Ba yadda zan yi, na zuba a kwanon baƙi na kai. Hajiya ta yi bisimilla ta kai cokali baki. Ta daɗe ba ta haɗiye ba. Sannan ta sa yatsu biyu ta fara jawo zare daga bakinta, tana ja yana zuwa, ƙaya na reto a ƙarshensa.

"'Yar nan, ke kika yi wannan?"

Maman Ummi ta durƙusa har ƙasa, murya a sanyaye. "A'a Hajiya, Baban Ummi ne ya hutar da ni."

Hajiya ta dube ni tun daga hula har silifa. Na fara bayanin Kerala. Ta ɗaga hannu.

"Allah ya ba ki ladan haƙuri, 'yar nan. Akwai sauran kifin?"

Cikin rabin awa ta ƙarshen ta zama farfesu na gaskiya, romo garau, kowace gunduwa a tsaye da mutuncinta. Kan kifi, wanda a gidan nan hakkina ne tun da aka kawo amarya, aka sa wa Hajiya. Ni aka ba ni wutsiya. Mangwaron da ya rage aka jera a faranti, Ummi da Auta suka bi gidajen maƙwabta da shi, masu laushin kuma aka tace su da citta aka sayo ƙanƙara, yara suka sha har da neman ƙari.

Nawa girkin ban yarda a zubar ba, abinci ne. Da almajirin gidanmu ya zo na cika masa roba. Ya fita, bai kai zaure ba ya dawo.

"Baba, wai sha ake yi ko shafawa?"

Ni dai na san dabarar dattijuwar nan ba ta da aibu, kuma hannuna ba shi da aibu. In akwai matsala, daga mangwaron take. To mangwaron na surukata ne, don haka maganar ba ta faɗuwa, sai dai a rubuce.

Labari kuwa ya zaga unguwa ta bakin Auta. Da yamma matar maƙwabcina ta aiko 'yarta, wai tana gaida Baban Ummi da jiki, kuma don Allah in rubuta mata yadda ake haɗa farfesun nan, kada in rage komai, har daddawar. Dangin mijinta ne suka zo daga ƙauye tun kafin azumi, kuma har yanzu ba wanda ya tambayi kuɗin mota.