Manhajar da ba ta san tiya ba

Wani mai ilimin kwamfuta zai zauna a Yamai ƙarƙashin iyakwandishan ya tsara wa mai sayar da aya na Agye manhajar ciniki. Daga buɗewa sai ta tarbe shi da Faransanci, ta nemi imel, ta nemi kalmar sirri mai harafi takwas, har da babba da ƙarami. Bawan Allah aya kawai ya kawo kasuwa!

In ya tsallake wannan, sai ta tambaye shi kilo nawa, alhali daga Gazawa har Gidan Rumji da tiya ake awo. Kuɗi kuwa nan ake yin ta. Kasuwa da dala take ƙirga, dala kuma sefa 5 ce. Mai kaya ya ce ɗari, yana nufin sefa 500, manhaja ta rubuta 100, mai saye ya yi ta godiya.

Shi ya sa WhatsApp ta cinye kasuwar. A danna, a gaisa, a tambayi iyali, a faɗi farashi da baki, a tura hoton buhu.

Injiniya, kafin ka zana maɓalli na gaba, zo Agye ka ci kasuwa.