Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baka Mai Taya

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan tsirkiya tana lafiya. Daga Kakuri ake rubuto maka, inda masana'antar makamai ta DICON take tun 1964, don haka ba kallon ƙauyawa za a yi maka ba. Mun san asalinka: Holless Wilbur Allen na jihar Missouri a Amurka ne ya datse bakin baka ya maƙala masa tayoyi, aka yi masa rajistar fasahar a 1969. Mun kuma ji an ba ka gurbi a gasar Olamfik ta 2028, barka da arziki. Maganarmu ɗaya ce: duk baiwarka babu kamar yarda da ka yi a rage maka ƙarfi, kuma ita ce samarinmu za su fara watsi da ita.

Noti biyu ne ke riƙe da hannayenka, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A zura alanki a ɗaure, ka yi tauri. A sassauta, ka yi laushi, yawanci tsakanin laba 60 da 70. Tayoyinka kuma na ɗauke wa maharbi nauyi idan ya ja har ƙarshe, ta yadda mai jan laba 70, kusan kilo 32, zai iya tsayawa riƙe da laba 14 kacal yana saiti. Amma kafin a kai wannan hutun sai an haye tudun tsakiya, kuma a nan asiri ke tonuwa. Ka ba saurayin Barnawa ko na Sabon Tasha alanki a gaban abokansa, wallahi sai ya ɗaure noti tamau. Za ka gan shi ya ɗaga ka sama kamar mai harbin shirwa, ya murguɗa ƙugu, ya cije leɓe, kafaɗa na rawa, kibiya kuma ta tafi neman akuyar maƙwabta. Alhali hukumar harbin baka ta duniya ma ba ta yarda a wuce laba 60 a gasar harbin allo ba, zakarun da ke harbi daga mita 50 kuwa ba ragwaye ba ne.

Tsofaffin maharba za su ce bakan da ake sassautawa ba na maza ba ne. Muna girmama furfura, amma kwarinsu ne zai ba su amsa. Kibiyar kakanninmu kara ce marar gashi, kuma ba ƙarfin ja ke kayar da nama ba, sanɗa ce da dafin ƙwanƙwani. Kowane maharbi daidai damtsensa yake sarar bakansa, yaro ya fara da ƙarami ya girma ya sake wani. Abin da suke yi da bakuna uku ne kake yi da noti biyu.

Ƙorafin da ya fi nauyi na makanikai ne. Kamfanin Peugeot da masaƙun da suka durƙushe sun bar mana hannaye masu sanin ƙarfe, sai dai sun bar mana har da masu ƙarambani, kowa da alanki a aljihu injiniya ne. Wanda ya juya notin sama sau uku na ƙasa sau ɗaya ya ɓata maka saiti, wanda ya zarce iyaka kuma notin na iya fita ka tarwatse masa a fuska. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa lissafi ne da ɗigon fenti a kan noti, juyi ɗaya sama juyi ɗaya ƙasa, kuma kada a saki tsirkiya babu kibiya.

Batun farashinka da dala kam ba mu da ta cewa. Roƙonmu dai, idan za ka tsallako gada zuwa Kakuri, ka taho da takardarka da ta faɗi juyi nawa ne iyakarka, a rubuta da manyan baƙaƙe.

Naka,
Mai yi maka fatan alheri daga Kakuri