Yadda Ake Zuwa Ganin Dorinar Dadin Kowa A Dawo Da Sauran Haƙuri

Wannan shawara ta waɗanda suka zuba mai a mota ce, suka cika kula da dafa-duka, suka bi hanyar Biu suka wuce Kwadon, suka yini a bakin dam, sannan suka dawo Gombe da hoton wani ɗigo baƙi a tsakiyar ruwa suna rantsuwa dorina ce. Na san muna da yawa. Batun ruwan sha da hula ba sai na faɗa ba, rana ta riga ta koya muku.

Na ɗaya, zaɓi irin wahalar da za ka iya ɗauka, domin kowane lokaci da tasa. Da damina ruwa ya cika ya batse, ciyawa ta fi mutum tsawo, dorina ta samu wurin ɓuya ko'ina, sauro kuma ya samu baƙi. A Agusta hadari kan taso kafin ka gama cire takalmi. Da hunturu tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna nan, amma hazo kan rufe dam ɗin ya koma kamar kunun kanwa, ka ji kukan kirinjijiya ba ka ga fiffikenta ba. Bazara ce ruwa ke ja baya, dabbobi su taru inda ido zai kai, sai dai zafin Maris da Afrilu yakan taɓa digiri 40. Ni dai na tsaya a kan ƙarshen kaka, kafin iska ta ɗauko ƙura, ko ƙarshen Fabrairu ranar da gari ya washe.

Na biyu, sammako. Dorina da dare take kiwo, tana iya cin ciyawa kusan kilo 40 kafin gari ya waye, da rana ta koma ruwa ta bar hanci da kunne a waje. In ta nutse kuma sai ta yi minti 5 ba ta ɗago ba. Wanda ya iso da hantsi ya zo kallon ruwa ne. Kusan kilomita 40 ne daga Gombe, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, to me ke hana mu isa da wuri? Akwai mutum ɗaya a kowace tawaga. An ce a haɗu bayan sallar asuba, shi ne zai fara cewa "in sha Allah". Ƙarfe bakwai ka kira, "ga ni nan a hanya", alhali kana jin ƙarar bokiti. Ƙarfe takwas ya fito da shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki, za shi bakin taɓo. Sai an tsaya ya sayi kati. Sai an tsaya a Kwadon ya taya tumatir, wai a nan ya fi araha. Ku bar shi a gida. Zumunci ba zai yanke ba, na tabbata.

Na uku, na'urar hango nesa. Ara.

Ga kuma mai lasifika. Ka yi shiru zalɓe ya sauka, balbela ta jeru a bakin ruwa, sai ya kunna waƙa, komai ya watse, ya juyo yana tambaya ina tsuntsayen da ake ta faɗa. Ƙanensa shi ne mai jifa da dutse don dorina ta ɗago a yi mata hoto. Bawan Allah, dabbar nan ta haura tan ɗaya, a tudu ta fi ka gudu, tana kifar da kwale-kwale. Kada ka shiga tsakaninta da ruwa, kada ka kusanci mai ɗa, kada ka hau jirgi ba rigar kariya. Kada ka yi wanka a gefen da ruwa ya kwanta, tsargiya ba ta san ɗan birni ba.

A bar lissafi haka nan, raina ya fara ɓaci. An kammala dam ɗin nan a kan kogin Gongola a 1984, daga nan ake turo ruwan famfon da muke sha a Gombe, injinansa na lantarki na megawat 40 ne. Amma mu zo mu ci mu sha, mu watsar da ledar ruwa da robar lemo a bakinsa mu kama hanya. Haba jama'a! Buhu ɗaya a bayan mota ya gagara?

Kuma kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, yi sallama. Nemi dattijo cikin masunta ka ce, "Baba, barka da aiki, ta ina dorina take fitowa?" Shi ya san kwanarta, shi zai ce maka, "Malam, nan kada ka wuce." Ka saurara, ka biya mai jirgi ba tare da ja-in-ja ba. In ka ratsa ta Hinna ka iske manomi a gonar shinkafa, rage murnar dorinar a gabansa. Wataƙila daren jiya a gonar ya kwana yana buga gwangwani, ita ta shiga ta gefe guda ta tattake rabin kadada, da safe kuma tsuntsayen jan-baki suka sauka a kan abin da ya saura. Ka jajanta masa tukuna, in da hali ka sayi kifi ko shinkafa a garin kafin ka juya.