Udoji da Aljanun Tsamiya

A zauren gidanmu da ke Makarfi akwai wani babur da ya girme ni. Honda ne CD175 mai salansa biyu, wanda marigayi Baba ya saya a 1975, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashin Udoji. Malaman makaranta na wancan zamani kowa da abin da ya yi da rabonsa: wani ya ƙara aure, wani ya sayi rediyo, Baba kuwa ya tafi Zariya a mota ya dawo a kan babur. Shi ya sa ba mai ce masa Honda a unguwarmu. Udoji ake kiransa.

Ya fi shekara goma a jingine. Kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinsa, zanzaro ya yi gini a salansar hagu, yara sun mai da sirdin wurin wasan direba. Ban taɓa waiwayarsa ba sai ranar da na tsaya shan rake a Tashar Yari, wasu samari suka tsaya a kan manyan baburan nan na cin dogon zango, sun fito daga Abuja za su Kano. Kowane da akwatuna biyu a gefe, gilashin tare iska a gaba, ga hular kwano kamar ta masu zuwa duniyar wata. Na tambayi ɗayansu kuɗin nasa. Da ya faɗa, na lissafa gonar rakenmu, na haɗa da ta Kawu, na ga ko tayar baya ba mu kai ba. Sai zuciya ta ce, kai ma ai kana da mai silinda biyu a gida, gyara kawai yake nema.

Uwargida ta ce, "Malam, wannan abin da ko kaji sun fara raina shi?"

Na ce mata ƙarfen Japan ba ya tsufa.

A nan kam ban yi ƙarya ba. Akwai wani dattijon bakanike da ya yi zamani da irin waɗannan injuna kafin Jincheng da Boxer su cika gari. Da aka turo masa Udoji sai ya miƙe tsaye kamar ya ga tsohon aboki. Ya zagaya shi yana lissafi: silinda biyu, kafireto ɗaya, giya huɗu, sarƙa a rufe cikin gidanta don ƙura. Ya ce Honda ta daina yin irinsa tun 1979, saboda haka kada in yi tunanin samun kayansa a kwali. Sau uku ina zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ina tonon tsofaffin ƙarafa, har na samo fistin da zobba da wayar kuloci. Dattijon ya wanke kafireto, ya zuba sabon baƙin mai, ya sa fulogi biyu, ya kori zanzaro. Bugu na huɗu Udoji ya yi tari, ya yi atishawa, ya tashi. Wallahi sai da na share hawaye, don sautin nan shi ne yake sanar da mu Baba ya dawo daga makaranta mu watse daga ƙwallo.

Da na tsaya nan, da ba labari.

Amma ni ba babur ɗin malamin firamare nake so ba, na masu zuwa Kano daga Abuja nake so. Na je Panteka a Kaduna aka ƙera mini akwatuna biyu na kwano, waɗanda daga baya yaran unguwa suka ce na mai sayar da askirim ne. Na sa gilashin tare iska, na ƙara madubi biyu a kan biyun asali, na ɗaura oda mai kukan tirela. Dattijon ya ce batir ɗin Udoji mai bolt 6 ne, ba zai ɗauki wannan hauka ba. Gaskiyarsa: in na danna odar, fitila ce ke lumshe ido, sautin kuma ya fito kamar ɗan akuya mai mura. Saura fenti. Mai fenti ya faɗi kuɗinsa, na ce kai, wannan ai aikin yara ne. Na sayo gwangwani biyu na ja, na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na feshe tanki tas har da murfinsa, shafi uku, don ya yi ƙyalli.

Daga ranar Udoji ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. In na fita zuwa gona, yana tafiya lafiya lau, sai mun zo daidai wata tsohuwar tsamiya a bakin hanya, ya yi shessheka sau biyu ya mutu. Ba gaba da ita ba, ba baya ba. Ran farko na ce tsautsayi. Rana ta uku na fara sallama kafin in iso wurin. Kowa ya san su wa ke zama a tsamiya, kuma ga ni da jan babur da tsakar rana. Abin da nake yi kullum iri ɗaya ne: in sauka, in yi addu'o'in da na iya, in buɗe tanki in leƙa ko mai ne ya ƙare, in ga akwai, in rufe, in buga. Nan take ya tashi. Na ce lallai addu'a takobin mumini ce.

Na kai wa dattijon ƙara. Shi kuma al'adarsa, kafin ya taɓa komai sai ya buɗe tanki ya sansana, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta haura naira 500, yake zargin kowane mai da gauraye. Ya sansana, ya rufe, ya buga, Udoji ya tashi yana murmushi. Ya zagaya gari da shi ya dawo ya ce, "Malam, babur ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ko kai ne za a duba?" Duk da haka na matsa aka canja fulogi sau biyu, aka sake wanke kafireto, aka canja tiyon mai. Kawu ya kawo shawarar laya a ƙarƙashin sirdi. Ban ce na sa ba, ban kuma ce ban sa ba.

Sai ga ɗaurin aure a Ikara, ya faɗo ranar kasuwar Makarfi. Surukina, mutumin da shekara tara ban taɓa haɗa ido da shi ba, zai je. Uwargida ta ce a bar shi ya hau mota. Na ce ina, ga babur a gida? Na je na durƙusa na ce, "Baba, in ba damuwa, ni zan kai ka." Ya dubi akwatunan, ya dubi madubai huɗu, ya ce, "To, Allah ya kai mu lafiya." Hanyar Ikara ba ta bi ta tsamiyar ba, saboda haka hankalina kwance. Kuma don kada a ji kunya, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da man fetur ya zama zinariya: na cika tanki har baki. Da, lita ɗaya nake saye a kwalba.

Lokacin sanyi ne, kakar rake. Hanyar kasuwa ta cushe da motocin rake, amalanke, masu tallan mazarƙwaila, 'yan acaɓa. Surukina na baya da babbar riga mai aska takwas, ya sha rawani, ƙafafunsa a bubbuɗe saboda akwatuna. Muna shiga tsakiyar cunkoson, Udoji ya yi shessheka sau biyu.

Na waiga ina neman tsamiya. Babu ko kuka.

Na buga. Na sake bugawa. Na yi addu'o'in nan duka, har da waɗanda ban gama haddacewa ba. Tankin kam ban buɗe ba, don me zan leƙa, ni da na cika shi da hannuna? Direban wata motar rake ya danna mana oda ta gaskiya, irin wadda na so in samu. A bugu na wajen ashirin ƙarfen ya dawo ya sare ni a ƙwauri, takalmina ya yi tsalle ya faɗa tiren wata mai gyaɗa. Abin da ya fi ciwo shi ne surukina bai ce uffan ba. Ya sauka a hankali, ya naɗe hannun riga, ya dafa akwatin askirim ya ce, "Bismillah, hau in tura." Jama'a, duk wanda surukinsa bai taɓa tura shi a tsakiyar kasuwa da rawani ba, bai san zufa a cikin hunturu ba.

Wani yaro mai sayar da fetur a kwalba, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, ya taso ya ce ko mai ne. Na ce tanki cike yake. Bai saurare ni ba, ya murɗa murfin. Sai muka ji "fuuus", kamar an buɗe kwalbar lemo. Yaron ya juya murfin a hannunsa ya ce, "Baba, wa ya yi maka fentin nan?"

Na ce wani ne.

Ya ce, "To wanin nan ya toshe hancin babur." Ya nuna mana wani ɗan rami kamar na allura, wanda jan fenti shafi uku ya liƙe. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ta rasa hanya, man sai ya ƙi gangarawa kafireto, kamar yadda in ka toshe bakin buta da tafin hannu ruwa ke tsayawa. Da lita ɗaya, iskar da ke cikin tanki tana kai ni har tsamiya. Da na cika shi, ko kasuwa ba ta fitar da mu ba. Ya ari tsinken sakace a wurin mai tsire, ya huda ramin, ya ce in buga. Bugu ɗaya.

Surukina ya ba yaron naira 200, ya sa masa albarka mai tsawo, wadda ni ban taɓa samun rabinta ba. Na ce, "Baba, bismillah." Ya ce, "A'a, yi gaba, kada in yi wa Udoji nauyi." Ya tare ɗan acaɓa mai Boxer. Na bi su a baya har Ikara, ina kallon rawaninsa ta cikin gilashin tare iska, muka tarar an shafa fatiha.

Da daddare na roƙi uwargida kada maganar fentin ta fita. Ta ce ita ba ta gaya wa kowa ba, sai dai tun la'asar mahaifinta ya aiko yana tambaya ko ragowar jan fentin nan da ya gani a bayan murhu na nan, yana so a shafa wa ƙofar garejinsa, amma ya ce a turo yaro.